Teenager, teenage ko teens: yadda ake faɗin shekarun samari da 'yan mata da Turanci

Wata Asabar bayan sallar La'asar ina zaune a zauren gidana a Gwammaja ina duba takardun ɗalibai, sai 'yar maƙwabcina ta yi sallama da wasiƙa a hannunta. Ajin ƙarshe take a sakandare, tana neman tallafin karatu, an ce kowa ya rubuta taƙaitaccen bayanin kansa da Turanci. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Malam, Umma ce ta ce in kawo ka duba min kafin in kai a buga." Ina karanta layin farko na tsaya. Ga abin da ta rubuta:

"I am a teenager girl of seventeen years old."

Yarinyar haziƙa ce, kuma sauran wasiƙar babu abin kushewa a cikinta. Amma kuskure biyu ne a wannan layi ɗaya, kuma shi ne layin da mai tantancewa zai fara ɗora idonsa a kai. Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da Turanci a Kano, babu shekarar da ba na cin karo da wannan jimla ko 'yar'uwarta a insha'in yara masu shirin WAEC da NECO. Abin yana ci min rai, domin yaran nan ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Hausarsu ce ke aiki a ƙarƙashin Turancin. Mu muna kallon matakin da mutum yake a rayuwa mu ba shi suna, ita kuwa wannan kalma ta Turawa lissafi ne zalla. Wanda ya kama wannan bambanci, sauran gyaran duk mai sauƙi ne.

Mu fara da ƙirga. A Hausa daga goma sai goma sha ɗaya, sha biyu, sha uku, har sha tara. "Sha" ɗin nan lamba tara take rakawa. Yaro yana ganin "thirteen" da "fourteen" sai ya ɗauka "teen" ɗin da ke ƙarshensu ita ce "sha" ta Turawa. Ya kusa gaskiya, domin "teen" daga tsohuwar kalmarsu ta goma ta fito, "thirteen" ma'anarta uku da goma. Sai dai lamba biyu sun ƙi shiga layi, wato "eleven" da "twelve". Masana asalin kalmomi sun bi diddiginsu sun gano ma'anarsu ta farko ita ce "ɗaya ya ragu" da "biyu sun ragu", bayan an gama ƙirga goma. Mu ma muna da ƙirga mai kama da wannan a bakin tsofaffi da 'yan kasuwa, masu cewa ashirin ba ɗaya ko ashirin ba biyu, ko da yake tamu daga sama take ragowa.

Saboda haka "teenager" shi ne mai shekara 13 zuwa 19, shekara bakwai ke nan cif. Ɗan shekara 11 ko 12 bai shiga ba, ko da tsayinsa ya kai na babansa. Idan kana son kalma ta musamman gare shi akwai "preteen", in ba haka ba "child" ta wadatar. Ranar da mutum ya cika 20 kuma ya fita, babu daga baya.

Kalmar ma ba tsohuwa ba ce a wurin masu ita. A Amurka ta bazu cikin shekarun 1940, lokacin da yawancin yara masu waɗannan shekaru suka koma zama a makarantar sakandare maimakon gona da masana'anta, 'yan kasuwa kuma suka lura cewa ga wani rukuni mai irin tufafinsa da irin kiɗansa. A 1944 aka fara buga mujallar Seventeen domin 'yan mata na wannan rukuni. Don haka kada ka wahalar da kanka wajen neman kalmar Hausa guda ɗaya da za ta zauna daram a gurbinta.

Ga inda na fi so a natsu. Saurayi da budurwa ba su ne "teenager" ba. A Kano da aure muke aunawa. Yarinya 'yar shekara 18 da aka kai ɗakin miji amarya ce, daga nan matar aure, babu mai sake ce mata budurwa. A Turanci kuwa "teenager" ce har sai ta cika 20, ko da goyo a bayanta. Shi kuma mai shekara 28 da bai yi aure ba, yana zuwa zance kowace Alhamis, duk unguwa saurayi take kiransa. Idan ka fassara shi da "teenager" ka rage masa kusan shekara goma, abin da ya dace da shi "young man". Wani ɗalibina ya taɓa rubuta labarin yayansa mai tuƙa A Daidaita Sahu tsakanin Bata da Kurna, ya kira shi da wannan kalma. Da na tambaye shi shekarun yayan ya ce 25. Na ce me ya sa ka zaɓi wannan kalmar? Ya ce, "Malam, ai bai yi aure ba." A tunanin Hausa amsarsa daidai take. To matakin farko kafin ka ɗora biro shi ne ka tambayi kanka, shekarunsa nawa? Idan lambar da Turanci ba ta ƙare da "teen" ba, nemi wata kalmar.

Idan lambar ta dace, sai mataki na biyu: duba kalmar da za ta biyo baya. "Teenager" suna ne, da ƙafarsa yake tsayawa. "Teenage" sifa ce, sai ta jingina da suna. In akwai suna a gaba, cire "r" ɗin ƙarshe:

"a teenage girl"
"teenage boys"
"my teenage years"

In babu suna a gaba, mayar da "r": "She is a teenager." Masu rubuta "She is a teenage" sun bar sifa a rataye, kamar ka ce "na sayi farar" ka yi shiru, mai sauraro yana jira ya ji farar me.

Na san dalilin da ya sa 'yar maƙwabcina ta ƙara "girl". A Hausa muna da matashi da matashiya, kalmar da kanta tana faɗa maka namiji ne ko mace. "Teenager" ba ta da jinsi, sai yarinyar ta ji kamar bayaninta bai cika ba, ta liƙa mata "girl" a gefe. Niyyar mai kyau ce, abin da ya rage kawai ta cire "r". Wani tarkon daga wuri ɗaya yake fitowa: sifar Hausa tana yin jam'i, muna cewa dogo, doguwa, dogaye, shi ya sa nake ganin "teenages boys" a takardun yara. Sifar Turanci ba ta ɗaukar "s", yaro ɗaya ne ko yara ɗari.

Za ka ga "teenaged" a wasu rubuce-rubuce, ba kuskure ba ce, amma ni "teenage" nake ba ɗalibaina shawara su riƙe, domin tana shiga da mutum da abin da ba mutum ba. Gajeriyar "teen" kuma ta kanun jarida ce da hira. A wasiƙar neman aiki ko zauren jarrabawa, rubuta kalmar cikakkiya.

Akwai wani salon da nake ƙauna, kuma yaranmu ba su cika amfani da shi ba, wato "in his teens" ko "in her teens". Wannan ya girmi "teenager" da ɗaruruwan shekaru. Amfaninsa shi ne ka ba da labarin abin da mutum ya yi a tsakanin waɗannan shekaru ba tare da ka ambaci lamba ba. Misalin da nake bayarwa a aji shi ne na Ahmed Musa, wanda aka haifa a 1992, ya buga wa Kano Pillars kafin ya tafi Turai a 2010:

"Ahmed Musa was still in his teens when he played for Kano Pillars."

Ina ambatar Pillars ko mai gyangyaɗi a bayan aji sai ya ɗago kai. Abu uku za ka kiyaye a nan. Da "in" ake farawa, ba "at" ba. Dole a sami kalmar mallaka a tsakiya, "my" ko "his" ko "her" ko "their". Sannan "s" ɗin ƙarshe ba ta faɗuwa, domin shekaru ne da yawa ake nufi. "In his teen" kuskure ne, haka ma "in his teenage", wadda na fi gani a rubutun 'yan jami'a. In dai sai ka yi amfani da "teenage", to ka cika ta da "years". Kana iya ƙara haske ka ce "early teens" ga mai kamar 13 ko 14, "mid-teens" ga mai 15 ko 16, "late teens" ga wanda ya doshi 20. Babu wata katanga tsakaninsu, kintace ne. Wannan ginin kuma yana tafiya har gaba, "in her twenties", "in his forties", saboda haka koyo ɗaya ne mai riba da yawa. Ga wanda yake ba da labarin kakarsa da ba a rubuta ranar haihuwarta ba, babu salon da ya fi wannan amfani.

Yanzu kuskure na biyu a layin yarinyar, wato faɗin lambar kanta. A nan ma Hausa ce ke jan biro. Muna cewa "ina da shekara goma sha bakwai", sai yaro ya rubuta "I have seventeen years". Bature ba ya mallakar shekarunsa, zama su yake yi: "I am seventeen." In kana son tsawaitawa, "I am seventeen years old" ko "seventeen years of age". Abin da ba a so shi ne ka tsaya a tsakiyar hanya ka ce "I am seventeen years". Ko dai ka bar lambar ita kaɗai, ko ka kai maganar ƙarshe.

Haka nan idan ka fara da "of" ko "aged" ko "at the age of", lambar kaɗai ake sawa: "a girl of seventeen", "a boy aged fifteen", "at the age of thirteen". Ƙara "years old" a bayansu ɗora kaya ne kan kaya. Abin da yarinyar ta yi ke nan, ta ɗauko gini biyu masu kyau ta haɗa su suka zama ɗaya mara kyau.

Sai batun karan ɗori, wato ɗan layin da ake haɗa kalmomi da shi (-), wanda har manyan jaridun ƙasar nan suke tuntuɓe a kansa. Ɗauki Malala Yousafzai 'yar Pakistan, wadda ta samu kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2014 tana da shekara 17. Dubi jimlolin nan biyu:

"Malala was seventeen years old."
"The seventeen-year-old girl won the prize."

A ta farko shekarun sun zo bayan aikatau, don haka babu karan ɗori kuma "years" tana da "s". A ta biyu sun zo gaban suna, sai kalmomin uku suka dunƙule suka zama sifa ɗaya, aka ɗaure su da karan ɗori biyu, "s" ta faɗi. Tuna dokar ɗazu, sifar Turanci ba ta jam'i. Ni dabarar da nake ba yara daga Hausa take: idan abin da ke ranka shi ne "'yar shekara goma sha bakwai" ko "ɗan shekara goma sha biyar", to ginin karan ɗori kake nema, kuma kamar yadda ka ce "shekara" tilo, haka za ka rubuta "year" tilo. Wannan dunƙulen yana iya tsayawa shi kaɗai a matsayin suna, "a seventeen-year-old", jam'insa kuma a can ƙarshe ake sa masa "s": "seventeen-year-olds".

A kula da "a" da "an". Kunne ne alƙali, ba ido ba. "Eighteen" da "eleven" da wasali suke farawa, don haka "an eighteen-year-old" ake cewa. Ko da alƙaluma ka rubuta, "an 18-year-old" ne, domin mai karatu furtawa zai yi a ransa.

Tunda an zo kan kunne, bari in ɗan leƙa Kantin Kwari. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai shagon atamfa yana waya da abokin ciniki daga Legas ko Anaca ya ji yadda ake ta maimaita "fifteen" da "fifty". Tsakanin turmi goma sha biyar da turmi hamsin akwai jarin mutum. Ga mu masu harshen da ya san dogon wasali da gajere, wannan bai kamata ya gagare mu ba. A "fifteen" wasalin ƙarshe dogo ne, sai ka ja shi ka rufe da "n" da za a ji sarai. A "fifty" ƙarfin yana gaɓar farko, ƙarshen gajere ne kuma a buɗe yake. In layin waya ba kyau, yi abin da 'yan kasuwar suke yi, ka bi lambar da "one five" ko "five zero". Ita "teenager" ƙarfinta a gaɓar farko yake, kuma "g" ɗinta kamar "j" ɗinmu ake furta ta, tiineja.

A rubutu kuma, "fourteen" tana da "u" amma "forty" ba ta da ita. "Fifteen" ce, ba a sa "five" a ciki. "Eighteen" da "t" ɗaya. "Nineteen" tana riƙe da "e" ɗinta. Waɗannan haddacewa kawai suke so.

Akwai kalmar da muke gudu wurinta duk lokacin da muka rasa ta cewa, wato "youth". A Nijeriya duk inda Bahaushe zai ce matasa, sai a ce "youths", kuma a siyasa shugaban matasa yana iya haura shekara arba'in. Hukumomi ma ba su haɗu kan iyaka ɗaya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙididdigarta 15 zuwa 24 take ɗauka. Yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka ta 2006 ta ce 15 zuwa 35. Manufar matasa ta Nijeriya ta 2019 ta ce 15 zuwa 29. Ka ga ke nan kalmar ta fi "teenager" faɗi nesa ba kusa ba, ba za a musanya ɗaya da ɗaya ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda kunnen ɗan Ingila yake jin ta. A can idan aka ce "a youth" ko "two youths", samari maza ake nufi, kuma yawanci a labarin 'yan sanda da kotu kalmar take fitowa. Yarinyar da ta rubuta wa jami'ar waje "I am a youth" ta kira kanta da sunan da ba nata ba. Ni ba na cewa Turancin Nijeriya laifi ne. A gida kowa ya san abin da "youths" take nufi, kuma harshe na masu amfani da shi ne. Amma ka san wanda kake rubuta wa. In takardar za ta ƙetare ruwa, ko za ta je gaban mai duba jarrabawa, "young people" ta fi aminci, ba ta da jinsi, ba ta da wani ƙauri a jikinta. "The youth of Kano" a ma'anar matasan Kano gaba ɗaya daidai ne, haka "in my youth" a ma'anar lokacin ƙuruciyata.

Akwai wasu kalmomi biyu kuma, na masu sana'a ne. "Adolescent" ta likitoci da masu bincike ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta daga 10 zuwa 19, wato ta haɗa da waɗancan 'yan 11 da 12 da "teen" ta bari a waje. "Minor" ta lauyoyi ce, wanda bai kai 18 ba, iyakar da dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta sa wa yaro. Shi ya sa ɗan shekara 19 yake "teenager" kuma yake "adult" lokaci guda, yana da katin zaɓe a aljihu.

Wajen mallaka kuma a duba inda ɗan waƙafin sama ya zauna. "A teenager's problems" matsalolin mutum ɗaya ne, "teenagers' problems" na masu yawa. A "in her teens" kuwa ba shi da wuri ko kaɗan.

Atisayen da nake bayarwa ba ya buƙatar littafi. Ka jera mutanen gidanku a takarda, kowa da shekarunsa, daga autan gida har Baba. Ka ja layi ƙarƙashin waɗanda suka faɗa tsakanin 13 da 19. Kowane ɗaya daga cikinsu ka rubuta masa jimla huɗu: ɗaya da "teenager", ɗaya da "teenage" da suna a gabanta, ɗaya da "in his teens" ko "in her teens", ɗaya da ginin karan ɗori. Sannan ka karanta da ƙarfi, kunnenka ya ji. Gidajen Kano ba sa rasa masu waɗannan shekaru, in naku ya rasa akwai na maƙwabta. Na fi son wannan a kan jimlolin littafi saboda yaro ya san ƙanwarsa, ya san ranar da aka yi sunanta, ba zai kira ta "teenager" tana 'yar 12 ba tare da ya ji wani abu ya karkace ba.

Ita 'yar maƙwabcin nawa, ban gyara mata da hannuna ba. Na ba ta biro na ce ta fitar da jimla biyu daga cikin tata. Ta ɗan jima tana kallon takardar, sannan ta rubuta "I am seventeen years old", a ƙasa kuma "I am a seventeen-year-old girl". Ta ɗago ta ce, "Baba Malam, to ina teenager ɗin ta tafi?" Na ce, "'Yata, lambar ta riga ta faɗe ta. Duk wanda ya ga seventeen ya san rukuninki." Ta zaɓi ta biyun, ta sake kwafe wasiƙar a sabuwar takarda, ta duba karan ɗorin nan biyu da yatsa. Tana naɗe takardar ta ce wata mai zuwa za ta cika 18, kuma akwai wani tallafin da take son nema a lokacin. Na tambaye ta me zai canja a jimlar ban da lambar. Ta furta "eighteen" a hankali sau biyu, ta ce, "An." Daga nan ta yi min sallama ta wuce shagon buga takardu kafin a kira Magariba.